Garkuwar Bayan Ango

Ranar Lahadi ce, mun taso daga coci muna cin abincin rana a gidan Baba a garin Española, sai ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ce zai yi aure.

Ba wanda ya yi mamaki. Duk kwarin nan an san cewa Eusebio Trujillo, wanda kowa ke kira Chebo, ya fara fesa turare in zai tafi kasuwar manoma sayar da tuffa da barkono. Tun rasuwar mahaifiyata bai ƙara sayen sabuwar riga ba, sai ga shi bana har da mai furanni. Teburinsa a kasuwa yana jikin na Ramona Archuleta mai zuma, wadda take zuwa da kwalabenta a akwatunan wani jibgegen baƙin babur, da farin gashinta a tufke jela ɗaya har gadon baya. Shi ya haura saba'in, ita tana biye da shi kaɗan.

Na tashi na rungume shi. Ƙanensa, Baffa Fidel, ya bugi tebur.

"Sai yanzu, Yaya? Ni na ɗauka sai ka saye zumar matar nan kaf. Buɗe kabad ɗin can ku gani, ko ƙudan zuma ba su tara haka ba."

"Ban gama ba," in ji Baba, idanunsa na ƙyalli kamar na yaron da ya ɓoye alewa. "In mun fito daga coci, a babur ɗinta za mu tafi wurin liyafa. Ita gaba, ni baya. In an gama liyafa kuma mu miƙa, sai bakin teku."

Gwaggo Cleofas, babbar yayarsu, wadda kunnenta ke zaɓen abin da zai ji, ta ce, "Wa zai hau me?"

"Chebo zai hau babur!" Baffa Fidel ya faɗa mata da ƙarfi, yana tuntsirewa da dariya. "Mutumin da in yana tuƙa motarsa karnuka ke wuce shi a tafe!"

Ni dai ban yi dariya ba. Aikina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma na ga bayan mutanen da suka faɗo daga babur fiye da yadda nake so. Na ce masa auren na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma ba babur ba. Ya ce Ramona ta riga ta saya masa hular kwano, har ya kwana biyu yana ban ruwan gona da ita a kansa don ya saba. Na ce hular kwano kai kaɗai take tsarewa, bayan fa? Muka ja, muka ja, har miyar koren barkonon ta huce. A ƙarshe muka shirya a kan cewa zai hau, amma sai da garkuwar baya, kuma da ni za a je zaɓenta.

"Da sharaɗi ɗaya," in ji shi. "Dole ta zauna da kwat ɗin aurena. Ba zan fito daga coci kamar mai gyaran rijiya ba."

Asabar da safe muka kama hanyar Albuquerque a motata. Baffa Fidel ya gayyaci kansa ya zauna gaba. Ango da amarya suna baya, sabon kwat ɗin ruwan toka yana rataye a gefen taga cikin ledarsa. Tun kafin mu bar gari suka fara ƙus-ƙus suna ƙyalƙyala dariya, in na duba madubi su yi tsit. Da muka iso inda hanya ke lanƙwasa, Ramona ta ce a fara darasi.

"In babur ya kwanta, kai ma ka kwanta tare da ni. Kada ka yi gardama da shi. To, ga kwana, hagu!"

Baba ya kwanto hagu har kansa ya sauka a kafaɗarta.

"Dama!"

Ya koma dama. Baffa Fidel, da ƙaton cikinsa, shi ma ya shiga ciki ba wanda ya sa shi, yana kwantowa kaina yana yin ƙugin injin da baki. Na ce su bari, za su sa mu faɗa rami. Ban ankara ba sai na tsinci kaina ni ma ina karkata a kwana ta gaba, su ukun suka ɗauki ihu.

Shagon babba ne, yana warin sabuwar fata da roba. Mai shi wata mata ce mai suna Denise Yazzie, gajera, da tabarau rataye a wuya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Ramona, don su biyun da gani sun san juna a hanya.

"Wa za a yi wa kaya?"

"Angona," in ji Ramona, ta turo Baba gaba. Shi kuwa ya miƙe ƙyam, ya rungume ledar kwat a ƙirji, yana washe baki.

Denise ta zaro tef ta auna shi daga ƙugu zuwa gindin wuya. Ta ce tsawon mutum ba shi ne abin dubawa ba, tsawon bayan ne. Baffa Fidel ya leƙa tef ɗin ya ce ai da ta huta, da tafin hannu ma za a iya auna Chebo.

Ta fara kawo wani faifan soso mai laushi, irin wanda ake zurawa a aljihun bayan rigar babur. Ta ce akwai mai lamba ɗaya da mai lamba biyu. Mai lamba biyu ya fi shanye bugu, sai dai ya fi kauri. Na karɓa na lanƙwasa shi a hannu, na ɗora a bayan Baba. Bai sauko inda nake so ba, kuma sai an haɗa shi da rigarsa, wata baƙa mai ƙusoshi.

"Wannan ai rigar 'yan fashi ce," in ji Baba. "Fada ba zai bar ni in shiga coci da ita ba."

"Wannan soson kuma na wanke kwanuka ne," in ji ni.

"Ba na wanke kwanuka ba ne," Denise ta ce tana dariya, "amma na gane. Ke ce 'yar, ko? Kullum 'ya'yan ne ke son mai sulke. Bari in kawo miki."

Na biyun da ta kawo kamar ƙoƙon kunkuru yake, falle-falle masu tauri a jere, da maɗauri a kafaɗu da wani faffaɗan bel a ciki. Ta ɗaura masa a kan shat ɗinsa ta ja bel ɗin. Baba ya juya gaban madubi, ya ƙwanƙwasa bayansa da ɗan yatsa, ya ji ƙas-ƙas.

"Fidel, ɗan taɓa ni."

Baffa bai jira a maimaita ba. Ya ɗaka masa duka da tafin hannu.

"Ka taɓa?"

"Na taɓa mana."

"Ban ji komai ba! Ƙara!"

Baffa ya waiwaya, ya ɗauko wani ƙaton takalmin babur daga kan kanta, ya tambayi Denise da ido. Ta ɗaga kafaɗa. Ya maka masa. Baba ya yi taku ɗaya gaba, ya juyo yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya.

"Ramona, kin gani? Ko gezau! Zo ki gwada!"

"Ni sai bayan an ɗaura," in ji ta.

"Tun muna yara nake jiran wannan rana," Baffa Fidel ya ce, yana naɗe hannun riga. "Wannan na keken da ka hana ni ne. Wannan kuma na budurwata Lupita da ka ƙwace mini a rawa!"

Wasu ƙarti biyu masu gemu da ke duba safar hannu suka matso suna kallo. Baba ya yafito su. Na farkon ya ce shi ba zai bugi dattijo ba, Baba ya ce ba dattijo ba ne, ango ne. Sai ga su sun yi layi. Kowa ya buga, sai ya miƙa masa hannu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Ni da na zo da fuskar ma'aikaciyar asibiti, sai da na jingina da kantar huluna saboda dariya.

Daga nan aka zo kan kwat. Muka zare shi daga leda, muka sa masa a kan garkuwar. Maɓallin gaba ya ƙi haɗuwa, baya ya tashi tudu, hannayensa suka buɗe kamar na ɗan tsako.

"Ango mai doro," in ji Baffa Fidel. "Cleofas za ta ce tun haihuwa haka yake, mu ne ba mu lura ba."

Denise ta ce kafin a damu da kwat, a gwada shi a zaune, don a tsaye kowace garkuwa tana da kyau. Akwai wani babur a kafe a tsakiyar shagon don haka. Ramona ta ɗaga ƙafa ta haye kamar 'yar shekara ashirin. Baba kuwa sai da ni da Baffa muka ɗaga shi. Aka kifa masa hular kwano. Yana zama, garkuwar ta tokari kujera daga ƙasa, ta hau sama, ta ture hular daga baya, hular ta rufto masa har hanci.

"An ɗauke wuta ne?" muryarsa ta fito daga ciki.

Ramona ta kifa kanta a kan tankin mai tana shessheƙar dariya.

"Ta yi masa tsawo," in ji Denise. "Akwai gajera a ɓangaren mata."

"Kawo ta matan!" Baffa ya ce. "In akwai mai ruwan hoda ma ya fi!"

Gajerar ta zauna daidai, ba ta taɓa hula ba, ta sauko har ƙugu. Ni a raina an gama. Amma kafin a sauko da Baba daga babur, idonsa ya faɗa kan wani falmaran da ke rataye a bango, da wata igiya mai murɗe-murɗe tana lilo a jikinsa.

"Wancan fa?"

Denise ta ce wannan mai iska ne. Akwai faifai mai tauri a bayansa, akwai kuma 'yar kwalbar iska a aljihun gaba. Ana maƙala igiyar a jikin babur. In mutum ya rabu da babur da ƙarfi, igiyar ta fizge, falmaran ɗin ya kumbura nan take, ya riƙe wuya da ƙirji da baya har ƙasa. Kuma a kan kaya ake sa shi, ko kwat ne ko rigar barci.

"A kan kwat?" Baba ya ce a hankali, kamar wanda aka yi wa albishir.

"A kan kwat. Wannan na bango na gwaji ne. In kana so ka ji yadda yake, bismillah."

Na buɗe baki in ce zuciyarsa fa, amma har ya zura hannu ɗaya. Aka tsayar da shi a fili. Ƙartin nan biyu suka fasa tafiya. Baffa Fidel ya miƙa hannu zai kama igiyar, Ramona ta buge hannun.

"Kai ka samu rabonka. Wannan nawa ne."

Ta naɗe igiyar a hannu, ta dubi Baba. "Ka shirya, tsohona?"

"A shirye na—"

Fuu! Ƙarar kamar an fasa taya. Kafin in ƙifta ido mahaifina ya zama wani abu tsakanin kwaɗo da katifa: wuya ya ɓace, kafaɗu sun hau kunne, hannaye a sanƙare. Ya saki wata 'yar ƙara siririya wadda ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Shagon ya yi tsit. Sai muka ji yana cewa, da muryar wanda aka matse:

"A sake."

Baffa Fidel ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba. Ɗaya daga cikin masu gemun ya fita waje don ya samu numfashi.

Iskar ta fara sacewa a hankali. Denise ta tafi da Baba ciki neman wanda zai yi masa daidai, Baffa ya bi su yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Muka rage ni da Ramona a gaban babur ɗin gwaji. Dariyar ta sake ni, sai tsoron ya dawo inda yake.

"Doña Ramona," na ce, da kiran girmamawa irin namu, "ni so nake ya sa duka biyun. Kunkurun a ciki, mai iskan a waje."

"In muka shiga hamadar Arizona da rana tsaka, zai tuɓe duka biyun ya ce in ɗaure su a kan kaya," ta ce. "Kin san shi. Wanda yake ɗokin sawa shi ne zai zauna a jikinsa."

Gaskiya ta faɗa.

Ta gyara tufkar gashinta. "Ofelia, tun ranar da ya ce zai hau, nake ɗaure buhunan abincin kaji biyu a kujerar baya, daidai nauyinsa. Kowace safiya ina hawa dutse da su har ƙauyen Truchas in dawo. Ina taka birki da su, ina juyawa da su a kan tsakuwa. Maƙwabtana sun ɗauka na zare, don ina yi wa buhunan magana."

"Me kike ce musu?"

"Ina cewa, Chebo, riƙe ni da kyau." Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. "Na daɗe ina tafiya ni kaɗai, 'yata. Ba zan yi wasa da wanda na samu ba."

Na riƙe hannunta. A haka Baba ya fito ya same mu. Falmaran ɗin da ya yi masa daidai kala ɗaya ya rage, rawaya mai kashe ido, irin ta masu gyaran titi. Ya sa shi a kan kwat ɗin ruwan toka, yana tafe yana juyi kamar mai tallan kaya.

"Ya kuka gani?"

"Saura tuta," in ji Baffa Fidel. "Ka tsaya a ƙofar coci kana ba motoci hannu."

"Daga nesa za a hango shi," na ce. "Shi muke so."

Na sa Denise ta zaunar da shi a babur da hula, ta duba tsawon, ta daidaita maɗauran yadda hannu zai iya shiga tsakanin falmaran da ƙirji. Ta koya mini yadda ake sauya kwalbar iska, na sayi biyu na ajiya. Ta ja masa kunne a kan abu biyu: ya kwance igiya kafin ya sauka, kuma kada allura ko wani abu mai tsini ya kusanci falmaran ɗin. A hanyar komawa bai yarda ya cire shi ba. Da shi ya ci tamale, wani irin alalen masara mai nama a ciki, a wani gidan abinci a Santa Fe, yana yi wa mai kawo abincin bayanin kwalbar iska.

Ranar aure gari ya yi garau. Aka ɗaura lafiya, Baba ya amsa da ƙarfi tun kafin Fada ya kai ƙarshen tambayar. Ramona ta sa farar riga da farin wando, da takalmanta na babur da ta goge suna sheƙi. Muna fitowa ƙofar coci, ana watsa musu shinkafa, na zura wa Baba falmaran ɗinsa. Na juya in ɗauko hula ke nan, sai na hango Gwaggo Cleofas ta cire furen da ke ƙirjin kwat ɗinsa, ta zaro wata doguwar allura daga bakinta, ta auna ƙirjin falmaran.

"Gwaggo, a'a!"

"Cleofas!"

Mutum wajen goma suka yi ihu tare, har da Fada. Baffa Fidel ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba, ya riƙe mata hannu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ango ba fure? A gidan wa aka taɓa yi?"

Aka samo salatif a motar wani, aka manna furen a saman hular kwano. Ta ce ba laifi.

Daga coci zuwa zauren liyafa tafiya ce 'yar kaɗan, amma duk wanda ya zo auren ya riga ya ji labarin igiya. Motoci suka bi babur a baya suna hon. Ramona na tsayawa a ƙofar zaure, jama'a suka ɗauka baki ɗaya: "Igiya! Igiya! Igiya!" Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan takara, ya kwance ta a tsanake, ya nuna wa kowa, sannan ya sauko. Aka yi tafi. Wasu kam da gani sun ji haushi bai manta ba. Don kada yara su yi wasa da igiyar, ya ciro ta gaba ɗaya daga babur, ya bar ta tana lilo a jikin falmaran, ya rataye a bayan kujerarsa.

Aka ci aka sha, masu goge da jita suka fara. Da aka zo rawar jerin gwano, wadda ango da amarya ke ja gaba kowa ya bi su bibbiyu ana zagaya zaure, sai na ga wani abu rawaya a tsakiyar layi. Baffa Fidel ne ya saci falmaran ya cusa kansa ciki, maɗauri ɗaya kawai ya iya ɗaurawa. Yana rawa yana kwaikwayon tafiyar Baba, yana ba mutane hannu kamar mai gyaran titi. Na yunƙura in tare shi, amma layin ya riga ya juya ta gefen kicin. Igiyar da ke lilo a bayansa ta sarƙe a hannun ƙofa. Kiɗa ya yi sauri, layi ya ja, Baffa ya yi gaba da duk nauyinsa.

Fuu!

Mai goge ya saki baka. Wata mata ta yar da tiren biskit. Baffa Fidel ya tsaya cak a tsakiyar zaure, kumatu a matse, idanu waje, hannaye a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Shi da ma ya cika falmaran ɗin tun kafin iska ta shiga.

"Ku cire ni," ya ce da ƙyar.

Ba wanda ya iya motsi don dariya. Baba ya rataya a kafaɗar amaryarsa yana bubbuga ƙafa a ƙasa. Gwaggo Cleofas ta tako da sandarta, ta zagaya Baffa sau ɗaya, ta danna cikinsa da yatsa.

"Yanzu kam a ba ni allurata," in ji ta.

Sai da iskar ta sace muka zare shi. Na ɗauki falmaran ɗin na shiga kicin, na ture tukwane, na shimfiɗa shi a tebur. Na matse sauran iskar, na bi ɗinkin da yatsa ko ya yage, bai yage ba. Na kwance kwalbar da ta ƙare na ɗaura sabuwa yadda Denise ta nuna mini. Ramona ta shigo ta duba bayana, ta ja kowane maɗauri, ta gyaɗa kai. Daga zaure muna jiyo Baffa yana ba da labari, har ya fara cewa da gangan ya yi, don ya gwada wa ɗan'uwansa ingancin kaya.

Da la'asar suka shirya tafiya. Baba ya yarda ya sauya wandon kwat da na babur mai kauri a gwiwa, ya sa safar hannu, amma kwat ɗin sama ya ce sai ya ga teku da shi. Ramona ta ce ta ba shi zuwa masaukin farko, daga nan akwai rigar kirki a akwati. Ni na sa masa falmaran, na ɗaure, na zura hannu na ji tazarar. Ni na maƙala igiyar a babur.

"Baba, ka riƙe ta da kyau."

"Ai shi ya sa na aure ta," in ji shi, ya sumbaci goshina ta cikin hular har ya ƙwale ni.

Injin ya tashi. Suka sulala zuwa titi, gwangwanayen da yara suka ɗaura a baya suna ƙara. Kafin su kai kwana Baba ya saki amarya ya ɗaga hannu biyu yana yi mana bankwana, muka ji muryar Ramona ta cikin ƙugin injin tana cewa ya mayar da hannayensa inda suke. Ɗigon rawayan nan ya yi ta ƙanƙancewa a kan hanya har ya shige bayan tudu.

Washegari da rana ina wurin aiki wayata ta yi ƙara. Na fita baranda da gudu.

"Baba? Lafiya?"

"Ofelia!" Ihu yake yi, kunnensa bai dawo daidai ba. "Mun tsaya shan mai! Ofelia, ashe hanya ƙamshi gare ta? Duk shekarun nan ina cikin mota da gilashi a rufe! Mun wuce inda aka yanke ciyawa, mun wuce inda aka yi ruwa, na ji shi tun kafin mu kai. Mun wuce wata mota cike da albasa. Akwai wani wuri da ya yi warin shanu, shi ma na ji daɗinsa!"

"Bayanka fa? Ba ya ciwo?"

"Bayana lafiya lau. Mazaunaina ne ban san inda suke ba. Ramona ta ce za su dawo." Na ji ta daga nesa tana kiransa. "Ana kira na, 'yata. Ki ce wa Fidel ya ba gonata ruwa, kada ya tsaya surutu."

Ya manta bai kashe wayar ba, ya jefa ta a aljihu. Na tsaya a baranda ina jin su suna gardamar wa ya cinye sauran biskit ɗin aure, har injin ya tashi ya rufe muryoyinsu.